Tambaya da Amsa: Kuɗin da Suka Ƙi Rabuwa

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda na yi suɓutar baki a fitowar da ta wuce na ce akwai wata lamba da in ka fara rubuta ta daga nan Zariya sai ka wuce Kano ba ka gama ba, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ruwan Agusta, wasu na tambaya wasu kuma na cewa Malam dai an fara shaci-faɗi. To ga waɗanda na zaɓo, sauran ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗalibi ne ina karanta kwamfuta anan Samaru, kullum in muna rubuta furogiram sai naga wannan lambar 2,147,483,647 wai itace ƙarshen abinda intija zata iya ɗauka, to rannan kuma wani abokina ɗan lissafi yace wai firam namba ce kuma wai har sunaye biyu gareta. Meye haɗinsu? Kuma ya akayi aka san ba abinda yake rabata, tunda ai ba wanda zai zauna ya gwada lambobi biliyan biyu.
Daga ɗalibinka, Samaru.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, abokin nan naka ka riƙe shi da kyau, gaskiya ya faɗa maka. Saboda waɗanda suka daɗe da barin aji bari in tuna mana, firam namba ita ce lambar da ta wuce 1 wadda ba abin da ke raba ta daidai ba saura sai 1 da ita kanta. Goro 7 ba yadda za ka raba wa mutum biyu ko uku ko huɗu kowa ya samu daidai ba tare da an fasa ba, sai dai mutum ɗaya ya kwashe ko kuma mutum bakwai kowa ɗai-ɗai. Irinsu 2, 3, 5, 7, 11, 13, haka dai. Ni a aji ce musu nake masu taurin kai.

Yanzu ga inda lambar taka ta fito. A ce wani attajiri ya yi maka alkawari, ran 1 ga wata zai ba ka naira 1, ran 2 ga wata naira 2, ran 3 naira 4, ran 4 naira 8, kullum yana ninka ta jiya, har watan ya ƙare. In watan mai kwana 31 ne kamar Janairu, abin da ka tara gaba ɗaya naira 2,147,483,647 ne cif. Ko ka ce ka jera 2 guda 31 ka ninka su ka cire 1, wato abin da kuke cewa 2 fawa 31 a cire 1, duk kanwar ja ce. To kuɗin nan duk yawansu in aka ce a raba wa magada ba za su taɓa tafiya daidai ba, ko magadan biyu ne ko goma ko dubu ɗari, dole a samu ragowa, sai dai in magajin ɗaya ne tal ko kuma su biliyan biyu da ɗoriyar ne kowa ya karɓi naira ɗaya ya kama gabansa.

Da watan mai kwana 30 ne kuwa da ba rigima, kuɗin za su zama 1,073,741,823 kuma 3 tana raba su, 7 ma haka, 31 ma haka. Dalilin yana da daɗi, tsaya ka gani. Haɗa kwanakin bibbiyu: 1 da 2 uku kenan, 4 da 8 sha biyu, 16 da 32 arba'in da takwas, kowane kashi 3 na raba shi, kuma tunda kwana 30 suna kasuwa bibbiyu ba ragowa to dole 3 ta raba jimillar. Haɗa su uku-uku ka samu 7, 56, 448, duk 'ya'yan 7. Kaga kenan muddin adadin kwanakin yana rabuwa, kuɗin ma sai sun rabu. Shi ya sa sharaɗi na farko shi ne adadin kwanakin kansa ya zama firam, kamar 31.

Amma fa kar ka yi saurin cewa ashe duk sanda kwanakin suka zama firam an gama. Ɗauki watan Musulunci da ya yi nuƙusan, kwana 29. Ita 29 firam ce ba musu, amma kuɗin da za ka tara 536,870,911 ne, kuma in ka buga 233 sau 1103 sau 2089 a kalkuleta su za ka samu. Ko kwana 11, zai ba ka 2047, wato 23 sau 89. Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba. Waɗanda suka gaji iyayen nasu, wato kuɗin ma suka zama firam, irin kwana 2 da ke ba da 3, kwana 3 da ke ba da 7, kwana 5 da ke ba da 31, kwana 7 da ke ba da 127, sai na kwana 13, 17, 19, 31, su ake kira dangin Mersenne, sunan wani malamin coci ne Bafaranshe da ya rasu a 1648 wanda ya yi ta bin diddiginsu. Lambar taka ita ce ta takwas a dangin. Suna na farko kenan.

Suna na biyu kuma saboda ita 31 ɗin kanta 'yar dangin ce, ka ga ta a sama, kwana 5 ne suka haife ta. Wato uwa 'yar gida, 'ya ma 'yar gida, kamar auren zumunci, sai ake ce mata Mersenne mai ninki biyu. Irin waɗannan guda huɗu kacal aka sani a duniya: 7, da 127, da taka, da kuma wata mai alƙaluma 39 da ake samu daga kwana 127.

Batun yadda aka gane kuwa, wanda ya tabbatar shi ne Euler, ana furta sunan Oila, mutumin Suwizalan, a 1772, ba kwamfuta ba kalkuleta kuma lokacin idonsa ya riga ya tafi kusan gaba ɗaya. Bai gwada biliyan biyu ba. Na farko, in lamba tana rabuwa to ɗaya daga cikin masu raba ta ba zai wuce sukwaya rut ɗinta ba, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita, domin in duka biyun sun wuce to in ka ninka su za su zarce lambar, nan take aikin ya sauko zuwa 46,340. Na biyu, su dangin Mersenne ba kowa ke iya raba su ba, duk firam ɗin da zai raba na kwana 31 dole ya zama ninkin 62 ne, wato 31 sau 2, da ƙarin 1. Gwada da na baya ka gani, na kwana 11 masu raba shi 23 da 89, wato 22 da ɗaya, 88 da ɗaya. Na kwana 29 kuma 233 ai 58 sau 4 ne da ɗaya. To da wannan da wata dabarar ya tace su suka rage 'yan kaɗan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba wadda ta shiga.

Haɗinta da kwamfuta kuma ba don tana firam ba ne. Intija ɗin nan, wato ma'ajin cikakkiyar lamba a kwamfuta, gurbi 32 gare ta, an ware ɗaya na nuna ko lambar ta ƙasa da sifili ce, saura 31, in ka cika su duka da 1 a lissafin bainari, wato lissafin kwamfuta na 0 da 1, ai 1 da 2 da 4 da 8 ɗin nan na attajiri ka tara. Zamanta firam tsintar dami ce a kala, kuma masu furogiram sun mora, akwai wata tsohuwar hanyar fitar da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi da ke ninkawa da 16807 ta raba da ita ta ɗauki saura. Sannan ka sa ido ran 19 ga Janairu 2038, ranar ne agogon tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙa tun daga farkon 1970 zai kai wannan lambar ya cika ya tumbatsa. Ku ne za a kira gyara, mu lokacin in da rai muna kan tabarma.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada, yarana 'yan aji shida sun tsareni wai wace ce firam namba mafi girma, kuma me yasa 1 bata ciki alhali itama ba abinda ke rabata. Nace musu sai gobe, goben yau sati biyu kenan.
Daga wata malama, Tudun Wada.

AMSA: Malama sannu da fama, kuma yaran nan Allah Ya yi musu albarka, tambayar manya suka yi. Ki ce musu babu mafi girma, ba su da ƙarshe, kuma an san haka sama da shekara 2,000, Yuklid ne ya rubuta hujjar a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Yadda za ki yi musu a allo: ki ce mu ɗauka 2, 3, 5 su kenan a duniya. A ninka su, 30. A ƙara 1, 31. To 2 ba ta raba 31, saura 1, haka 3, haka 5, kullum wannan ɗayan da aka ƙara sai ta yi saura. Ashe akwai wata firam da ba ta cikin jerin. Duk tsawon jerin da yaro ya kawo haka za ki yi masa. Abu ɗaya da za ki kiyaye, har manyan ɗalibai na faɗawa ramin nan, ba dole sabuwar lambar ta zama firam da kanta ba. Ninka 2, 3, 5, 7, 11, 13 ki ƙara 1 za ki samu 30031, ita kuwa 59 sau 509 ce. Hujjar ba ta karye ba, domin 59 da 509 ɗin ai baƙi ne, ba sa cikin jerin.

Wadda ta fi girma cikin waɗanda aka gano, wannan kam akwai, kuma ita ce na yi maganarta har aka ce ina shaci-faɗi. 'Yar dangin Mersenne ce, ta 52 da aka sani, kwanakin attajirinta 136,279,841. Wani Ba'amurke Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya gano ta a Oktoban 2024. Alƙalumanta 41,024,320, ta fara da 8 ta ƙare da 1. In kowane alƙalami ya ci rabin santimita a takarda tsawonta ya haura kilomita 200, to ku masu musu ku tambayi direbobin Kwangila nisan Kano. In kuma yaro zai rubuta alƙalami ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba cin tuwo, sai ya yi kwana 475 a kai.

Ita 1 kuwa cire ta aka yi da gangan. Kowace lamba hanya ɗaya tak ake warware ta zuwa firam, 12 ita ce 2 sau 2 sau 3, ba wata hanyar. In kika bar 1 ta shigo sai wani ya ce 1 sau 2 sau 2 sau 3, wani ya sa 1 biyu, wani goma, dokar ta lalace. Sai ki sa su rubuta 1 zuwa 100 su yi tankaɗe da rairaya, a bar 2 a soke duk ninkinta, a bar 3 a soke ninkinta, haka 5 da 7, abin da ya rage a rariya ban da 1 guda 25 ne. Wanda ya samu 26 ki duba, yawanci 91 ce ta yaudare shi, 7 sau 13 ce.

TAMBAYA: Oga naji ance ana bada daloli in mutum ya gano sabuwa. Inada laftof guda biyu a shago, ya zanyi in shiga? Kuma meyasa kullum wannan Mersenne ɗin ake ji, su kaɗai ne manya?
Daga mai gyaran waya, PZ.

AMSA: Ɗan'uwa bari in fara da ta biyun don ita ce mai nama. A'a, ba su kaɗai ba ne, su ne ma 'yan tsiraru. Tsakanin wadda Durant ya gano da wadda ta riga ta, ta Disambar 2018 mai alƙaluma 24,862,048, akwai firam birjik da ba wanda ya taɓa ganinsu kuma ba za a taɓa gama lissafa su ba. Abin da ya sa ake ta jin Mersenne shi ne an san asalinsu, an san lagonsu. In aka kawo maka baƙuwar lamba mai alƙaluma miliyan 41 da ba a san gidansu ba aka ce tabbatar mana firam ce, duk kwamfutocin duniya su taru ba za su gama ba. Amma 'yar gidan Mersenne akwai gajeriyar hanya da wani Bafaranshe Lucas ya faro, da ita ya tabbatar da mai alƙaluma 39 ɗin nan da hannu a 1876, daga baya Lehmer Ba'amurke ya gyara ta wajen 1930.

Ga yadda take, mu gwada da 31 ta kwana 5. Fara da 4. Ninka ta da kanta ka cire 2, 14. Ninka 14 da kanta ka cire 2, 194, raba da 31 ka riƙe saura, 8. Ninka 8 da kanta ka cire 2, 62, raba da 31, saura sifili. Taku uku kenan, wato kwanakin a cire 2, in ka sauka kan sifili firam ce, in ba haka ba tana rabuwa, shikenan. Abin mamakin ma hanyar za ta ce maka lamba tana rabuwa ba tare da ta faɗa maka mai raba ta ba. Shi kansa Lucas ya nuna ta kwana 67 tana rabuwa amma sai a 1903 wani farfesa Cole ya zo taro a Niyok ya hau allo ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287 ya samu lambar cif, ya koma ya zauna bai ce uffan ba aka yi ta tafi. To ta Durant taku sama da miliyan 136 ne, kowane taku kuma ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 ne da kanta.

Batun daloli, gaskiya ne. Akwai shirin GIMPS da aka kafa a 1996, kowa na iya sauke manhajarsu kyauta a intanet su ba kwamfutarka lamba ta yi ta gwaji, in ka dace suna ba da dala 3,000. Wata ƙungiya a Amurka, EFF, ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan 100. Amma ka saurare ni da kyau. Gwajin lamba ɗaya a laftof irin namu makonni yake ci ko watanni tana kunne dare da rana tana huci, kuma kusan duk wadda ka gwada ba ita ba ce. Shi Durant hayar dubban manyan na'urori ya yi a ƙasashe daban-daban, kuɗin da ya kashe sun ninka dala 3,000 ɗin sau ɗaruruwa. Kai kuma da za ka sha man janareto a zafin Afrilun Zariya, ai kafin ka ga dala batirin ya kumbura. In kana da sola kuma don sha'awa ne bismillah, ni ma zan so in ga an ce daga Zazzau aka gano ta 53. In don riba ne ci gaba da canza sikirin.

TAMBAYA: To wai duk meye amfanin wannan wahalar?
Daga mai POS, Sabon Gari.

AMSA: Ita mai miliyan 41 ɗin, gaskiya yau ba abin da ake yi da ita, ba zan yi maka ƙarya ba, sai dai manhajar neman ta zama abin gwada ƙarfin kwamfuta, har ta taɓa tono matsala a wasu furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na kamfanin Intel a 2016. Amma ƙannenta suna cikin sana'arka. Akwai tsarin kulle saƙo da ake kira RSA tun 1977, ana ɗauko firam biyu kowace mai alƙaluma wajen 300 a ninka su. Ninkawa ba wuya, warwarewa ce aiki. In na ce 89 sau 97 nan take ka ce 8633, amma da 8633 na ba ka na ce nemo iyayenta sai ka yi gumi, to ina ga mai alƙaluma 600. Cip ɗin katin banki na aiki da irin wannan makulli. Kuma a nan ba a son 'yar sanannen gida, Mersenne 52 ne kowa ya san su ɓarawo zai gwada su cikin ƙiftawar ido, baƙuwa ake nema wadda ba a san asalinta ba.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne, jikana ke karanta mini shafinka. An ce mini shekarar 2027 tana cikin lambobin nan. Shin akwai wata ishara a ciki?
Daga wani dattijo, Ƙofar Doka.

AMSA: Baba Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, a gaida jikan. Ishara kam babu, gaibu sai Allah, lissafi bai san zaɓe ba. Amma wanda ya gaya maka bai yi kuskure ba, 2027 firam ce, na gwada ta da duk firam daga 2 har 43 ba wadda ta shiga, kuma nan ya isa tunda 47 sau 47 ya wuce ta. Ba 'yar gidan Mersenne ba ce, ita tata zuriyar daban. Na farko tagwaye ce, domin 2029 ma firam ce, ratar 2 kawai a tsakaninsu kamar 11 da 13 ko 17 da 19, kuma har yau ba wanda ya iya tabbatar da ko tagwayen nan suna da ƙarshe ko babu, duk da wani Basine Yitang Zhang ya matso da maganar kusa sosai a 2013. Na biyu, in ka cire mata 1 ka raba biyu za ka samu 1013, ita ma firam, to 1013 ta shiga dangin Sophie Germain kenan, sunan wata Bafaranshiya masaniyar lissafi, ita kuma 2027 masu kulle saƙo suna son irinta. Ko a lissafin Hijira ma Baba, shekarar 1447 firam ce. Tagwayen shekaru na baya da muka gani su ne 1997 da 1999, bayan 2027 da 2029 kuma ba wasu sai 2081 da 2083, wannan kam sai dai jikan ya gani ya ba nasa jikokin labari.